Kun Sha Zuwa Ikko, Amma Kun Ga Teku?

Ku matso, jama'a, maganar nan tsakaninmu ce. Mu 'yan Rogo duk shekara sai mun loda raguna mun nufi Ikko gabanin Babbar Sallah, amma a cikinmu wa ya taɓa tsoma ƙafa a teku? Daga tirela sai kasuwar Alaba Rago, daga Alaba Rago sai tirela. Iyakar ruwan da muka sani dam ɗin Challawa na Karaye ne.

Alhaji, bar dariya, ka ji. Titin nan da ya bi ta gaban kasuwar, in ka miƙe shi yamma ka wuce Okokomaiko da Agbara, shi zai sauke ka a Badagry, dab da iyakar Seme. Ni dai na je: ana idar da Asuba na kama hanya, saboda cunkoso.

Wallahi garin tsit yake, kamar ba a Jihar Legas ba. Itatuwan kwakwa ko'ina, masunta 'yan ƙabilar Egun na gyaran koma a bakin gaɓa, matansu na bandar kifi. Wani yaro ya fille min kan kwakwa da adda, na shanye ruwan, ya tsaga ta biyu na ƙwaƙule farin cikin.

Malam, na ga kana taɓe baki, kana jin yawon banza ne. To saurara. A nan ne benen da ake cewa shi ne na farko a Najeriya yake, wanda 'yan mishan suka kammala a 1845. Daga nan kuma Bature mai yawon bincike, Clapperton, ya taso a 1825, ya biyo ta Kano, ya rasu a Sakkwato a 1827.

Amma abin da ya tsaya min a rai gidan Seriki Williams Abass ne. Shi kansa an taɓa bautar da shi, ya dawo ya zama dillalin bayi, ya rasu a 1919. Ɗakuna arba'in ne na tsare mutane, ƙanana, ba iska. Na ɗaga wata sarƙar wuya da ke ajiye, sai da hannuna ya yi rawa don nauyi.

Daga nan kwale-kwale ya ƙetarar da mu tsibirin Gberefu. Muka taka rairayi, muka wuce rijiyar da aka ce ana shayar da bayi don su manta gida, har bakin tekun da jirage ke kwasar su. Kada ku ce tarihin wasu ne. Akwai Hausawa a cikin waɗanda aka kai Bahiya ta ƙasar Birazil. Su suka ƙulla tawaye a 1807, kuma suna cikin bayi Musulmin da suka yi bore a watan Azumi na 1835, da layunsu na rubutun Larabci.

Shawara ɗaya: ban da iyo. Igiyar ruwan can ba ta san gwanin Challawa ba. Ku jiƙa ƙafa, ku yi addu'a, ku juyo da la'asar.

Baɗi in Allah Ya kai mu, da an sayar da ragon ƙarshe, mu ware yini guda mu tafi tare. Kuɗin kwale-kwale a kaina.