Darul Ajaza, Gidan Tsofaffi na Istambul

Duk wanda Allah Ya ja zamaninsa har ya ga auren jikokinsa, ya binne mafi yawan sa'o'insa, ya san cewa ciwon gwiwa da raunin gani suna da sauƙi a kan wayewar garin da babu mai sallama da shi, babu mai neman shawararsa, babu kuma wani aiki da ke jiran hannunsa. Saboda haka ne al'amarin Darul Ajaza ya daɗe yana tsaya mini a rai.

Sarkin Musulmin Daular Usmaniyya, Abdulhamid na Biyu, shi ya kafa gidan a shekarar 1895, bayan yaƙin da aka yi da Rasha a 1877 zuwa 1878 ya cika birnin Istambul da masu hijira, da gajiyayyu, da marayu masu kwana a farfajiyar masallatai; ya ba da gudummawa daga dukiyarsa, attajirai suka bi sahu, har yau kuwa sadakar jama'a na cikin abin da ke riƙe da shi. A cikin harabarsa aka gina masallaci, da majami'ar Nasara, da wurin ibadar Yahudu, domin kada tsufa da talauci su raba mutum da jama'ar da ya saba tsayuwa a cikinta gaban Ubangijinsa. Wannan adalci ne, kuma fahimta ce ta ɗabi'ar ɗan Adam, gama tsohon da ke jin kiran salla, ya san akwai sahun da za a lura in bai zo ba, yana da dalilin tashi daga shimfiɗa.

Abin da ya fi burge ni, shi ne ɗakunan sana'a, inda masu sauran ƙarfi ke saƙa da ɗinki, a sayar wa maziyarta abin da suka yi. Yatsun da suka shekara sittin suna aiki ba sa yarda da zaman banza, kuma tsohuwar da aka sayi safar da ta saƙa ta kwana da mutuncinta. Sa'an nan ga sashen jarirai marasa galihu a cikin gida ɗaya da tsofaffin.

Mu a ƙasar Hausa abin kunya ne ɗa ya kai mahaifinsa irin wannan wuri, kuma ina tare da wannan kunya, domin birrul walidaini wajibi ne da ba ya faɗuwa. Amma na ga dattawa a gidajen 'ya'yansu, cikin ɗaki mai fanka, ana kai musu tuwo a kan kari, alhali tun da aka daina zaman zaure, 'ya'ya suka watsu Legas da Abuja, sai su yini ba a tambaye su ko da farashin gero a zamaninsu ba. Da za a roƙe su su biya wa yaran unguwa allo bayan La'asar, ko su sasanta ma'auratan da suka saɓa, wallahi da yawansu za su nemi sandarsu tun kafin a rufe baki.