Tafi da waswasi: abin da ƴan kallo ke cewa game da «Opening Night»

Ranar 25 ga Disamba 1977 aka fara haska fim ɗin «Opening Night» a wani gidan sinima na birnin Los Anjeles, a ƙasar Amurka. Mutane ba su zo ba. Dare bayan dare kujeru na nan wayam, har aka sauke shi bayan ƴan makonni. A farkon shekarar 1978 kuwa, alƙalan bikin fina-finai na Barlin suka ba Gena Rowlands, wadda ta fito a matsayin tauraruwar fim ɗin, kyautar ƴar wasan da ta fi kowa gwaninta. Tun daga lokacin bakin ƴan kallo bai taɓa zama ɗaya a kan wannan fim ba, kuma saɓanin nasu ya cancanci a dube shi da kyau, domin fim ɗin kansa a kan ƴan kallo yake magana.

John Cassavetes ne ya rubuta shi, ya ba da umarni, ya kuma fito a ciki. Shi ne mijin Gena Rowlands tun 1954. Ana lissafa shi cikin iyayen sinima mai zaman kanta a Amurka, wato wadda ake yi ba da kuɗin manyan kamfanonin Hollywood ba. Yakan fito a fina-finan wasu, irin su «The Dirty Dozen» na 1967 da «Rosemary's Baby» na 1968, ya tara ladansa ya zuba a nasa aikin. A 1974 fim ɗinsa «A Woman Under the Influence» ya samu karɓuwa, har aka sa shi da matarsa cikin ƴan takarar kyautar Oscar. Wanda ya biyo baya a 1976 ya faɗi a kasuwa. Da wannan rauni ya shiga aikin «Opening Night», sunan da ke nufin daren da ake buɗe sabon wasan kwaikwayo a gaban jama'a.

Labarin na Myrtle Gordon ne, shahararriyar ƴar wasan teyatur, wadda ƙungiyarta ke gwada wani sabon wasa a garin New Haven kafin a kai shi Niyok. Wani dare ana ruwan sama, wata yarinya ƴar shekara 17 mai suna Nancy ta kutsa cikin taron masu neman sa hannu, ta rungume Myrtle tana kuka, tana ta maimaita cewa tana son ta. Motar tauraruwar na tashi, wata mota ta banke yarinyar ta mutu. Abokan aikin Myrtle hankalinsu na kan gidan abinci, kada a rufe kafin su isa. Ita kuwa abin ya tsaya mata a rai. Ta je ta'aziyya gidan iyayen yarinyar, ba a yi maraba da ita ba. Daga nan ta fara ganin Nancy a ɗakin shirinta da masaukinta, da farko kamar ƙanwa, daga baya kamar abokiyar gaba mai duka.

Wasan da ake gwadawa kuwa a kan macen da ƙuruciya ta fara juya wa baya yake. Marubuciyarsa, Sarah, ƴar shekara 65, tana ta tambayar Myrtle shekarunta, ita kuma ba ta amsawa. Myrtle ta ce wasan ba shi da fata a cikinsa. Ta ƙi yarda a mare ta a kan dandamali kamar yadda aka rubuta, ta riƙa canza kalmomi, tana juyowa tana magana da ƴan kallo, tana shan giya fiye da kima. A daren buɗewa a Niyok ta iso a makare, a buge, ko tsayuwa ba ta iya yi. Aka ɗura mata gahawa, aka tura ta gaban jama'a. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A fitowa ta ƙarshe, ita da abokin wasanta Maurice, wanda Cassavetes ya fito a matsayinsa, suka watsar da rubutun Sarah suka shiga barkwanci. Jama'a suka yi ta dariya, suka tafa, aka rufe labule.

Ra'ayin masu kallon wannan fim yakan kasu ne gida uku.

Na farko su ne waɗanda suka gaji. Fim ɗin ya kai minti 144, kuma da yawa daga cikinsu gardama ce a ɗakin gwaji, ko mace ita kaɗai da kwalba. Masu wannan ra'ayi sukan ce: mace ga suna ga dukiya, ga masu yi mata hidima, me ya dame ta da za ta wahalar da mutane haka? A wurinsu Myrtle mai son kai ce, ta mai da mutuwar ƴar mutane hujjar ɓata aikin ƙungiya. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Duk wanda ya taɓa shirya wasa da ɗalibai ko da ƙungiyar unguwa ya san irin ɓarnar da mutum ɗaya ke yi idan ya ga ba a iya yi sai da shi. Fim ɗin bai ɓoye wannan ba: ana ganin fuskokin ƙananan ƴan wasa da ma'aikatan bayan labule, waɗanda abincinsu ya rataya a kan ko za ta fito ko ba za ta fito ba.

Na biyu su ne masu ganin rashin lafiya. Wasunsu na cewa taɓin hankali ne da giya ta tsananta, wasu kuma na ɗaukar Nancy a matsayin fatalwa ta gaske. Mai kallo Bahaushe ba zai sha wuyar ba abin suna ba, zai ce iska ce ta shafe ta, musamman da yake a cikin fim ɗin an kai Myrtle wajen mata masu kiran ruhohi har sau biyu. Sai dai ita da kanta ta ce yarinyar ƙirƙirarta ce, irin abin da ɗan wasa ke ginawa a zuci don ya samu hanyar shiga rawar da aka ba shi, kuma tana da iko da ita. Bayan haka kuma aka gan ta tana buga fuskarta a jikin ƙofa, tana cewa Nancy ce ke dukan ta. Cassavetes bai raba gardamar ba. Masu wannan ra'ayi sukan fita da tausayi, suna mamakin yadda ba wanda ya ce a dakatar da wasan a nema mata magani.

Na uku su ne masu ganin nasara. A cikinsu akwai ƴan wasa da yawa, da mata waɗanda suka san abin da ake nufi idan aka fara tambayar mace shekarunta a wurin aiki. A wurinsu Myrtle ta ƙi karɓar hukuncin da aka rubuta mata, ta kashe fatalwar ƙuruciyarta da hannunta, ta tashi daga ƙasa ta mai da wasan baƙin ciki abin dariya. Tafin ƙarshe, in ji su, ladanta ne.

Kowane kashi na da abin kafa hujja. Amma dukansu uku idonsu na kan Myrtle, alhali sau da yawa kyamarar Cassavetes tana zaune ne a cikin kujeru, a bayan ƙeyar mutane, har kan wani yakan tare rabin dandamali. Wanda ya lura da wannan zai sake tambayar kansa ko tsoron Myrtle waswasi ne kawai. Abin da take faɗa a fili yake: idan ta taka rawar tsohuwa da kyau, jama'a za su yarda ta tsufa, kuma daga ranar ba za su sake ganin ta a wata siffa ba. Wannan lissafi ne na wadda ta san kasuwarta. Duniya rawar ƴammata ce, na gaba ya koma baya, kuma ƴan kallo ne ke kaɗa gangar. Rowlands na da shekara 47 lokacin da fim ɗin ya fito, shekarun da a sinimar Amurka ayyukan mata ke fara ƙaranci.

A duba kuma waɗanda ke kewaye da ita. Ba maƙiyi ko ɗaya a cikinsu. Nancy son ta take yi har ta rasa ranta. Manny, mai ba da umarnin wasan, yana gaya mata ta waya cikin dare cewa yana son ta, matarsa na tsaye a ɗakin, domin dai ta kwantar da hankali ta zo aiki gobe. Idan ta ƙi mari, sai ya ce ai al'ada ce a mari ƴan wasa mata. A daren buɗewa, wani ma'aikacin bayan labule ya yaba mata da cewa bai taɓa ganin wanda ya bugu kamarta yana iya tafiya ba. Kowa na ƙaunar ta, kuma kowa na bukatar ta miƙe ta fita. Mutumin da ke cikin irin wannan hali ba ya iya bambanta mai son sa da mai cin moriyarsa, don sau da yawa mutum ɗaya ne. A nan shahara ke haifar da zargi. Wanda ba a san shi ba, idan ya ce ana kallon sa a ko'ina, sai a ce ya zautu. Tauraruwa idan ta faɗi haka gaskiya ta faɗa.

Sauran ƴan kallon cikin fim ɗin. A New Haven, lokacin da Myrtle ke rushewa a gabansu, tana fita daga rubutu, ana sauke labule ana ɗagawa, dariya suke yi suna tafi. Ba su san inda wasa ya tsaya ciwo ya fara ba, kuma ba su da dalilin tambaya, tun da sun biya kuɗin shiga. Cassavetes ya ɗauki waɗannan wurare ne a gidajen teyatur na gaske, a gaban taron mutane da aka bari su yi dariya inda suka ga dama. Saboda haka mai kallon fim ɗin yana zaune ne a sahu na gaba da nasu. In ya yi dariya a fitowar ƙarshe, ya shiga cikinsu. In ya ce nasara ce, ya yarda cewa macen da aka jawo daga ƙasa a buge ta biya bashinta tun da an tafa. In kuma ya ce ta ɓata masa lokaci, ya faɗi abin da take tsoron ji tun farko.

Akwai wurin da mai kallo a Damagaram ko Maraɗi zai fi na Los Anjeles saurin fahimta. Ƙungiyoyin teyatur na Hausa a Nijar, irin na samariya a shekarun 1970 da 1980, sun saba a daidaita kan ƙashin labari, sannan kowane ɗan wasa ya zo da kalmominsa, yana sauraron yadda taro ke amsawa. Wanda ya tashi da wannan ba zai ga laifi ba don Myrtle da Maurice sun bar rubutu. Zai ma gane cewa abin da suka yi gwaninta ce mai wuya. Amma ya san wani abu kuma: ɗan wasan da ya saba bin dariyar taro yakan wayi gari taron ne ke jan sa, ba ya iya faɗin abin da ba a so a ji. Fitowar ƙarshe tana ɗauke da fuskokin nan biyu, shi ya sa ake ta gardama a kanta.

Lokaci ya ɗan sauya ma'auni. Cassavetes ya rasu ranar 3 ga Fabrairu 1989, yana da shekara 59, kuma sai a 1991 fim ɗin ya samu mai rarraba shi a gidajen sinimar Amurka. A Turai an riga an karɓe shi. A 1999 Pedro Almodóvar na ƙasar Sipaniya ya sake gina wurin haɗarin motar a fim ɗinsa «Todo sobre mi madre», inda saurayi ke mutuwa yana bin motar wata ƴar wasa cikin ruwan sama, ya kuma sa sunan Gena Rowlands cikin waɗanda ya sadaukar wa aikin. Duk da haka kada a ɗauka jama'a sun tuba. A 2024 Ivo van Hove ya mai da labarin wasan waƙa a birnin Landan, Sheridan Smith ta fito a matsayin Myrtle. Ra'ayi ya sake rabuwa, aka rufe wasan a watan Mayu, wata biyu kafin ranar da aka tsara. A watan Agusta na 2024 Gena Rowlands ta rasu tana da shekara 94. Kusan rabin ƙarni bayan kujerun Los Anjeles, labarin bai daina korar wasu daga ɗaki ba.

Malamin da zai nuna wa ɗaliban lise wannan fim, ko ƙungiyar al'adu da za ta sa shi a zaman muhawara, gara su shirya wa wannan rabuwa tun da wuri. Idan aka kunna fitila aka tambayi mutane ko fim ɗin ya yi kyau, kashin nan uku za su tashi, kowa ya kare matsayinsa, a watse. Zai fi amfani a tambayi kowane mutum wurin da ya yi dariya, da abin da ke faruwa da Myrtle a daidai wannan lokaci. Sannan a tambaye shi: da shi ne Manny, ga ɗaki cike da mutane, ga albashin ma'aikata, ga mace kwance a ƙasa, zai ɗaga labule ko zai mai da wa jama'a kuɗinsu? Mafi yawa, in sun faɗi gaskiya, za su ce a ɗaga. Daga nan muhawarar za ta bar Amurka ta dawo kan mawaƙa da ƴan kokawa da ƴan wasan da jama'a ke ɗagawa sama, su bi su da ido har cikin gidajensu, sannan su yi mamaki idan aka ce wane ya daina yarda da kowa.