Itacen da Ƙamshinsa Ya Riga Sunansa

Wani ɗalibi haifaffen Garwa ya tafi gaisuwar rasuwa wani ƙauye a gindin duwatsun Mandara, rani ya yi nisa. Da la'asar sakaliya ya fita miƙe ƙafa, sai iska ta kawo masa wani ƙamshi mai kama da turaren wuta, alhali babu hayaƙi. Ya bi ƙamshin har ya iske wani itace tsakanin duwatsu, tsirara ba ganye, fararen furanni cunkus a ƙarshen rassansa. Ɓawonsa yana ɗayewa falle-falle kamar tsohuwar takarda, inda aka sare shi kuwa ƙaro ya tsattsafo ya daskare.

Da farko ya zaci dashi ne, domin shi ma yana da ƙaro mai ƙamshi. Amma dashi na da ƙaya, wannan kuwa ko ɗaya. Abin ya dame shi: shekara uku yana karatun nahawun Hausa, yana iya feɗe jimla gaɓa-gaɓa, ga shi itace guda ya gagare shi suna.

Wani dattijo mai sayar da sassaƙe ya zo wucewa. Ɗalibin ya rusuna ya gaishe shi, ya ce, "Baba, wane itace ne wannan?"

Dattijon ya murtsuke ƙaron, ya miƙa masa. "Shinshina, yaro. Hano ke nan. Wasu Hausawan kuma ararrabi suke cewa."

Jin haka sai jikinsa ya yi sanyi. Ararrabi ai ya san shi tun yana ƙarami. Shi ne sassaƙen da marigayiya mahaifiyarsa takan jiƙa masa in ciki ya ɓaci ko zazzaɓi ya kama shi. Ya sha ruwansa, ya riƙe sunansa, bai taɓa ganinsa a tsaye ba.

Dattijon ya nuna masa waɗansu guda biyu da suka bushe. An kewaye gangar jikinsu da sara, ba a bar ɓawo ko tafin hannu ba. Ta cikin ɓawon nan abinci ke sauka daga ganye zuwa saiwa, in an yanke shi zagaye itacen ya mutu. Ya ce shi gefe ɗaya yake ɗiba, ya bar wurin ya warke. Reshen hano kuma in an kafa shi a ƙasa yakan kama, shi ya sa ake shinge da shi.

Da ya koma gida ya duba littattafai. Masana tsirrai suna kiransa Boswellia dalzielii, ɗan'uwan itacen da ake samun lubban ne. An raɗa masa sunan Likita Dalziel, wanda ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya wallafa a 1916.

Tun daga ranar, kowane sunan itace ya rubuta a littafinsa yakan bar fili a gefensa, ba ya cikewa sai ya ga itacen da idonsa. Filin gawo da na aduwa sun cika tuni, na taura yana nan yana jira.