Zanen Dutse Da Zanen Yashi

Idan Bahaushe ya so ya ce abu ba ya goguwa, sai ya kira shi zanen dutse. Mu mutanen Bauchi mun san gaskiyar wannan magana, domin a duwatsun Geji da na Shadawanka har yau ana ganin siffofin dabbobi waɗanda mutanen dā suka zana. To, amma yau maganata a kan kishiyarsa ce, wato zanen yashi, wanda mai yin sa ya san ba zai kwana ba.

A Amurka akwai wani mutum, Andres Amador, wanda sana'arsa ke nan. Yakan jira ruwan teku ya ja da baya, sa'an nan ya shiga gaɓa da manjagara, ya yi ta jan da'ira cikin da'ira, har zanen ya cika fili. Kafin ruwa ya komo sai ya hau tudu, ko ya tashi ɗan jirgi maras matuƙi, ya ɗauki hoto. Bayan 'yan sa'o'i ruwa ya share kome, sai hoton kaɗai ya saura.

A nan Afirka ma abin ba baƙo ba ne. Mutanen Chokwe na gabashin Angola suna da zanen da suke kira sona. Dattijo yakan share ƙasa, ya jera ɗigo-ɗigo, sa'an nan ya zagaye su da layi ba tare da ya ɗaga yatsa ba, yana yi yana ba da tatsuniya. A shekarar 2023 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya.

Mu ba mu da teku, amma muna da yashi da iskar hunturu. 'Yan dara kan tona gurbi talatin, layi biyar sau shida, su ci juna, da almuru dabbobi su tattake wurin, gobe a sake tonawa. Ni kuwa a tsakar gidanmu na koyi dagi. Kakata kan ɗiga alamu a ƙasa, ta kama yatsana ta bi da shi, layi ya hau wani ya bi ƙarƙashin wani, har ya komo inda ya fara. Da na ce a bar mini shi, sai ta shafe da tafin hannu, ta ce, "Sake, ɗan nan, wanda ya shiga hannunka shi ne naka."

Aikin jarida ya sa ina girmama hoto, ba kuwa zan raina shi ba. Ba don shi ba, da wa zai san aikin Amador? Amma na lura da iyakarsa. Kwanan baya na nuna wa 'ya'yan ƙanwata hoton dagi a waya, suka gane shi nan take, gama suna ganinsa a riga da bangon gida. Na ce su zana a ƙasa, duk suka ɗaure kansu, ba wanda ya san inda layi ke farawa. Hoto yana nuna ƙarshen aiki, ba ya nuna hanyar da yatsa ya bi.

Ga abin da ke damuna, jama'a. Masu zanen Geji sun bar mana aikinsu, amma ba wanda ya gaji hannunsu. Zanen yashi kuwa, da yake ba ya daɗewa, tilas a koya wa wani, shi ya sa ya rayu. Yanzu tsakar gidajenmu sun koma siminti, tsofaffi suna ta tafiya.

Saboda haka ina roƙon iyaye da malaman firamare, a ɗauki hoto, amma kafin nan a zaunar da yaro a ƙasa, a kama masa yatsa. Allah ya sa mu dace, amin.