Idan tafiya ta kama ka zuwa Delhi

Shekarata ta uku ke nan ina karatun haɗa magunguna a wata jami'a da ke bayan garin Delhi, babban birnin Indiya, kuma da wuya wata ya wuce ban samu saƙo daga gida ba cewa wane zai kawo mahaifiyarsa asibiti, ko wance ta samu gurbin karatu, a taimaka musu da shawara. Yawancinsu da kuɗin otal suke fara tambaya. Ni kuma nakan fara tambayarsu ko sun iya cewa a'a. Mu da kunya da kara aka raine mu. Idan babban mutum ya tare ka da fara'a ya ce zo in nuna maka hanya, nauyin wuce shi kake ji. A gida wannan tarbiyya ce, amma a bakin tashar jirgin ƙasa ta New Delhi da ita ake cin kasuwar baƙo.

Kafin mu kai tashar, bari mu gama da takardu, domin su ne ba haƙuri ke gyara su ba. Duk wanda ya taso daga Najeriya ko Nijar sai ya nuna katin rigakafin cutar shawara, katin nan mai ruwan ɗorawa, kuma ba a karɓarsa sai allurar ta yi kwana 10. Wanda ya sauka babu shi ana iya killace shi har kwana 6, ka ga ke nan in da marar lafiya a hannu an shiga wani hali. Idan bizarka ta karatu ce ko ta jinya, kuma wa'adinta ya haura kwana 180, kana da kwana 14 daga ranar saukarka ka yi rajista da ofishin kula da baƙi da ake kira FRRO. Ta intanet ake yi yanzu. In jinya ta ja, a nemi ƙarin wa'adi da takardar asibiti tun biza ba ta ƙare ba, don wanda ya zarce sai ya biya tara ya kuma nemi izinin fita kafin ya hau jirgi.

A'a ta farko tun a gida za ka faɗe ta. Kada ka karɓi ƙunshin saƙon da ba ka buɗe ka gani da idonka ba, ko na wane ne. Dokar miyagun ƙwayoyi ta Indiya, ta shekarar 1985, tana da tsanani ƙwarai, beli ma da wuya ake samu. Kilishi kuma a bar shi a gida. Saniya abar girmamawa ce a wurin mabiya addinin Hindu, an haramta yanka ta a Delhi, kuma a 2015 an kashe wani magidanci a wani ƙauye kusa da Dadri, ba nisa da Delhi, a kan jita-jitar ya ajiye naman saniya a gidansa.

Jiragen ƙasashen waje a tasha ta 3 ta filin jirgin Indira Gandhi suke sauka, da yawansu cikin dare, lokacin da mutum ya gaji, wayarsa kuma ba ta da layi. Akwai teburin tasi na 'yan sandan hanya inda za ka biya kuɗin tun a nan a ba ka rasit, kada ka miƙa wa direba rasit ɗin sai kun isa. In da rana ka sauka kuma kayanka ba su da yawa, jirgin Metro na filin jirgi zai kai ka tashar New Delhi cikin kamar minti 20.

Damfarar da ta fi shahara ga yadda take. Kuna cikin tafiya direba zai ce an rufe hanyar otal ɗinka saboda biki ko zanga-zanga. Zai ma buga waya ya ba ka ka ji da kunnenka ana cewa babu ɗaki, alhali abokinsa ne a kan layin. Daga nan sai ya kai ka wani shago mai allon da ke cewa ofishin yawon buɗe ido na gwamnati, inda za a sayar maka da tafiyar kwanaki zuwa Agra da Jaifur a kan kuɗin da ya ninka na gaskiya. Ofishin gwamnati na ainihi yana lamba 88 a titin Janpath. A tashar jirgin ƙasa kuma wani ne zai tare ka da katin shaida a wuya, ya ce an soke jirginka, ka biyo shi a canza maka tikiti. Ka wuce ka shiga ciki ka duba allon lantarki da kanka. Duk cikin ladabi suke yin wannan, da “yallaɓai” da murmushi, shi ya sa yake cin Bahaushe. Kalma biyu sun ishe ka: “nahi cahiye”, wato ba na so. Ka faɗa kana tafiya, ba sai ka tsaya bayani ba.

Kada wannan ya sa ka ɗauka mutanen Delhi duk haka suke. Na sha ganin mai shago ya bar kayansa ya raka ni har kwanar da nake nema. Abin da na lura shi ne, wanda kai ka je ka tambaya yakan taimake ka tsakani da Allah, wanda ya taso ya same ka ba ka kira shi ba shi ne abin yi wa hattara.

Metro ita ce babbar aminiyar baƙo, saboda ba a ciniki a cikinta. Tun 2002 take aiki, kowane layi da launinsa, kuma ana sanar da tashoshi da Hindi da Ingilishi. Ka sayi kati ka loda masa kuɗi ka huta da bin layi. Ana binciken jaka a ƙofa, ba a cin abinci a ciki. Tarago na farko na mata ne zalla, namijin da ya shiga tara zai biya. Mu 'yan mata wannan taragon ya rage mana fargaba ba kaɗan ba, musamman da yamma in an tashi daga aiki, lokacin da tashar Rajiv Chowk ke cika kamar Kantin Kwari ana jajibirin Sallah. Daga tasha zuwa inda za ka, Adaidaita Sahu ce dai irin tamu, ai dama daga can ake kawo mana su, sai dai ta Delhi kore da ɗorawa ce. Ku gama ciniki kafin ka hau, ko ka kira ta Uber ko Ola inda waya za ta nuna kuɗin. Kuma a hannun hagu suke tuƙi, don haka dama za ka fara dubawa in za ka tsallaka titi.

Kuɗinsu rufi ne. In an ba ka canji ka duba, don takardar da ta yage da wuya wani ya karɓa. Tsofaffin takardun 500 da 1,000 an soke su tun Nuwamban 2016, ta 2,000 kuma an fara janye ta a 2023. Kayan da ke cikin leda ko gora duk an buga iyakar farashinsu a jiki kusa da haruffan MRP, ba a yarda a sayar maka fiye da haka ba. Masu zuwa jinya su kula da wannan sosai: kuɗin asibiti a teburin asibiti ake biya, a karɓi rasit. Tafintoci da 'yan tsakiya suna da amfani, amma wasunsu kamasho suke karɓa a kan kowane majiyyaci, kuma in ka ji nauyin tambayar lissafi, ba wanda zai kawo maka shi.

Ruwan famfo ba na shan baƙo ba ne. Ka sayi na gora, ka tabbatar murfin bai taɓa buɗuwa ba, ƙanƙara da ɗanyen ganye a bakin titi kuma ka ƙyale su ko da a makon farko. Alamar kore a jikin abinci tana nufin babu nama a ciki. Ba kowane nama ne yankan Musulunci ba, akwai wanda suke kira jhatka, na sara ɗaya, saboda haka ka tambaya. A kewayen Jama Masjid da Nizamuddin da Zakir Nagar kuwa hankalinka kwance, ga biryani ga gasasshen nama, ga masallatai kusa.

In kai ke da zaɓin lokaci, ka zo a Fabrairu ko Maris. A Mayu da Yuni zafi yakan haura digiri 40, daga Yuli damina ta kankama. Nuwamba ce ta fi ba ni tsoro. Hayaƙin ƙona karan shinkafa daga gonakin Punjab da Haryana yakan haɗu da na motoci da na wasan wutar bikin Diwali ya lulluɓe gari, har a rufe makarantu. Mai asma ko ciwon zuciya, in da hali, kada a kawo shi a wannan watan. Disamba da Janairu kuma sanyi ne da ya fi hunturun gida shiga ƙashi, ga hazo mai jinkirta jirage.

Akwai maganar da masu tallar makarantu ba sa yi. Za a kalle ka, wani lokaci har a ɗauki hotonka ba izini, wasu kuma su jefe ka da kalmar “kalu”, wato baƙi. Yawanci a nan abin yake tsayawa, amma a Maris na 2017 wasu gungun mutane sun far wa ɗalibai 'yan Najeriya a Greater Noida bisa zargin da ya biyo bayan mutuwar wani matashi. Ka guji gardama a cikin taro, ka riƙa yawo da kwafin fasfo da biza, lambar neman agaji kuma 112 ce.

In hidima ta lafa ka samu rana guda, ka hau Metro zuwa tsohon gari ka yi sallah a Jama Masjid, wanda sarki Shah Jahan ya gina aka gama a 1656. Lal Kila, jar ganuwar fadarsa, tana kusa. Tikitin baƙo a wuraren tarihi ya fi na ɗan ƙasa tsada nesa ba kusa ba, kuma wannan ba damfara ba ce, tsarin gwamnati ne. Masu son ganin Taj Mahal da muka sani a fim, jirgin Gatimaan yana tashi da safe daga tashar Hazrat Nizamuddin ya isa Agra cikin minti 100. Kada dai a sa tafiyar ranar Juma'a, a rufe yake ga masu yawon buɗe ido.