Sarewar da Baffa Ya Huda Mini a Bakin Antau

A kakar 1996, da aka yanke Jihar Nasarawa daga Filato, manyan Keffi ba su da zance sai na sabuwar jiha. Ni kuwa, ɗan shekara 11, hankalina na bakin kogin Antau, inda wani dattijon Bafulatani ke sauko da shanu su sha ruwa da la'asar. Baffa muke ce masa. In ya dogara da sandarsa ya karkata sarewa a gefen baki, har mata masu wanki sukan dakata. Garin namu dai Bafulatani ne ya kafa shi, Abdu Zanga, daga ƙasar Katsina, don haka wannan busa ba baƙuwa ba ce a Keffi.

Na yi ta nacin Baffa ya yi mini tawa sarewar, har ya ce in samo gora mai kaurin babban yatsansa. Da na kawo, ya ƙwanƙwasa ta da farce. "Ɗanya ce, ɗana. Kai ta inuwa ta sha iska." Sai da hunturu ya kama sannan ya karɓa.

Ranar ya hura wuta da kirare, ya sa dogon ƙarfe har ya yi ja, ya zura shi ya fasa gaɓoɓin ciki. Har yau ina jin ƙaurin nan a hancina. Ya kankare bakin da aska, ya goge da fasasshiyar kwalba.

Abin da ya fi zauna mini shi ne awon huji. Ba igiya, ba ma'auni. Hannuwana ya kamo ya ɗora bisa gorar, ya ce in saki yatsu yadda suka ga dama, sannan ya ɗiga gawayi a wuri huɗu. Ya gasa ƙusa ya huda na farko, ƙarami ƙwarai, ya busa, ya rufe ido yana saurare, ya ɗan ƙara faɗinsa, ya sake busawa. Huji ɗaya ya ci mana fiye da rabin sa'a. Na ƙosa, sai ya ce, "In ya yi ƙanƙanta a ƙara, in ya zarce fa?" A ganina gwanintar duka tana cikin wannan kunne nasa. Daga ƙarshe ya shafe cikin da man shanu, da gashin kaza.

Kwana uku ina busa, ba abin da ke fita sai iska da jiri. Rana ta huɗu na sassauta leɓe kamar yadda ya nuna, murya ta fito siririya, wata saniya ta ɗago kai. Baffa ya yi murmushi, ya kaɗa shanunsa.

Da rani ya tsananta suka yi kudu wajen Binuwai, ban ƙara ganinsa ba. Allah ya saka masa da alheri. Sarewar na nan cikin akwatina. Yatsuna sun yi mata girma, amma ta yi daidai da hannun autana.