Gwangwanin Matuƙi a Tafkin Kainji

Mun bar Yawuri da asuba cikin jirgin ruwa, muka nufi kudu kan tafkin da madatsar Kainji ta haifar a 1968. Muna ɗauke da allurar rigakafi cikin firiji, janareto ke sanyaya ta.

Kashegari da tsakar rana, nesa da kowane gari, janareto ya mutu. In magani ya ɗumama, ya lalace ke nan, ga 'ya'yan masunta suna jira. Sai matuƙinmu ya buɗe wani tsohon gwangwani. Ciki akwai fulogi biyu, filtar mai, da igiyar tā da inji, duk a naɗe cikin leda saboda laima. Ashe fulogi ne ya yi baƙi. Ya sāke shi, inji ya tashi.

A Yawuri mun yi wa gwangwanin nan dariya. Ba mu ƙara ba. Ai ba a fafe gora ranar tafiya.